Wasiƙa Zuwa Ga Babana Kan Ɗakin Ummanku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan Zariya lafiya lau, sai kewa. Kakarku tana gaishe ka, ƙafar tana taɓa ta jefi-jefi amma da sauƙi. Auta ta koma makaranta.

Na ga saƙon da ka turo game da ɗakin Ummanku. Ka ce tunda an yi arba'in, a fitar da kekunan ɗinki da zaruruwa da sauran kaya a sayar, ka cika da naka a haƙa mata rijiyar burtsatse sadaka. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba ka ladanta. Ban amsa maka a waya ba domin ni da kai a waya ba ma wuce gaisuwa. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka, kunyar nan ta hana mu zama da kai mu yi hira irin wadda muke yi da ƙannenka. Ita kuwa ko sunanka ba ta taɓa kamawa ba har ta koma ga Allah. Saboda haka akwai abubuwa da yawa game da baiwar Allah nan da ba ka sani ba, kuma ba na so ka yanke shawara a kan kayanta kafin ka ji su.

Ajinmu ɗaya da ita. Na san ka sha jin gwaggwanninka suna tsokanata da wannan, to gaskiya ne. A watan Satumba na 1976 gwamnati ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta, wanda ake ce wa UPE, masu unguwanni suka bi gida-gida suna rubuta yara. Ba a tambayar takardar haihuwa. Ka ɗora hannu bisa kai ka taɓo kunnenka na ɗaya gefen, in ya kai ka isa shiga aji. Aka kwaso mu fiye da abin da azuzuwa za su ɗauka, wasu a ƙasa, wasu a gindin darbejiya. A cikin birni gidaje da yawa ba sa son ba da 'ya'ya mata, har ɓoye su ake yi. Kakanka na wajen uwa, Allah ya jiƙansa, malami ne kuma maɗinkin riga, shi ya kamo hannunta da kansa ya kawo ta, bisa sharaɗin da safe boko, da yamma allo.

Kafin mu kai aji huɗu duk makarantar an san ta da hannu. Idan malami yana son taswirar Najeriya a allo, ita yake miƙa wa alli. Lokacin jihohi 19 ne, Katsina ma tana cikin jihar Kaduna, sai ta zana su tsaf ba tare da ta kalli littafi ba, ta jawo kogin Kwara da Binuwai har inda suka haɗu a Lakwaja. Malamai kan hana a goge allon sai mako ya ƙare. Ranar aikin hannu mu maza mu kawo tsintsiya da igiya, 'yan mata su kawo ɗan ƙyalle da aka yi wa kalmasa, ita kuwa ta kawo hular jariri da ado a jiki wanda ba wanda ya taɓa ganin irinsa. A lissafi na fi ta, ta kuma san haka, shi ya sa har muka tsufa ni ke duba mata littafin ciniki. Bayan firamare ta tafi kwalejin horar da malamai mata ta unguwar Kongo a nan Zariya ta yi Grade II, wato shaidar malanta, ni na tafi makarantar koyon sana'a. Shekaru suka shuɗe kafin Allah ya sake haɗa mu, sa'ad da na raka wani yayana karɓar riga a zauren mahaifinta.

A wannan zauren ta samo abin da ta samo. Kai ka taso ka ga mata suna ɗinkin riga da hula a kowane lungu na Zariya, ka ɗauka haka abin yake tun fil azal. A'a. A zamanin kakanka ɗinkin babbar riga aikin maza ne, galibi malamai da almajiransu, suna zaune a zaure ko bakin masallaci da allura a hannu tsakanin darasi da darasi. Sannu a hankali, da maza suka riƙa tafiya aikin albashi, mata suka karɓi allurar a cikin gida. Amma ko da suka karɓa, zanen ya zauna a hannun maza. Mai zane shi ke shimfiɗa yadin ya fitar da aska biyu ko aska takwas a gefen aljihu, ya zagaya tambari a ƙirji da baya, ya yi cin wuya, sa'an nan a aika wa masu ɗinki su bi layinsa da zare. In an gama a kai wa mabuga su buge ta ta yi sheƙi. Mai ɗinki ba ta da ta cewa a kan fasali, nata kawai ta cika abin da wani ya tsara.

Ummanku ba ta tsaya nan ba. Tun tana ƙarama takan leƙa ta bayan labulen zaure ta ga yadda mahaifinta yake jan layi, ta koma tsakar gida ta yi irinsa da gawayi a ƙasa. Da ya lura, bai hana ta ba. Yakan ajiye mata guntayen yadi, wani lokaci in idonsa ya gaji da dare ya tura mata riga ciki ta ƙarasa masa zanen, mai rigar bai sani ba. Da ta iya na gargajiya sosai sai ta fara nata. Ta ɗauko dagi daga bangon tsofaffin gidajen birni ta sa a hula. Ta ɗauko zanen lallen amare ta mayar da shi kan rigar filo da zanin gado. Na taɓa ganin ta tsaya a bakin Ƙofar Doka tana kwafar adon wani tsohon bango a bayan takardar asibiti, domin ta ji an ce za a rushe shi a yi na siminti. An kuwa rushe. Adon yana nan a littafinta, kuma yana kan hulunan mutanen da ba su san daga ina ya fito ba.

Littattafan nan su ne a cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonta, wanda ka lissafa cikin kayan da za a fitar. Littattafan rubutu ne na 'yan makaranta, shi ya sa ba ka ɗauke su a bakin komai ba. Ka buɗe su in ka zo.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya fi wuyar faɗa. Kana tuna zamanmu a Kaduna, amma kana yaro. Lokacin da na kai ta can amarya, Kakuri, unguwar masaƙu, tana raye. Tun 1957 aka buɗe masaƙa ta farko, wasu suka biyo baya, har ta kai in jiniyar canjin aiki ta kaɗa, titi cika yake da kekuna da mutane ba masaka tsinke. Mai aiki a masaƙa ana ba shi mata ba a dogon bincike. Ina da albashi, ina da yadin Sallah duk shekara, na ɗauka haka za a mutu. Ita tana koyarwa a firamare da safe, da yamma tana ɗinkinta, mutane suna ce mini me ya sa na bar ta tana wahalar da idonta alhali ba ta rasa komai ba.

Sai abubuwa suka juya. Wutar lantarki ta zama sai an gani, baƙin man da ake hura tukunyar injin da shi ya yi tsada, auduga ta ragu, atamfar waje mai araha ta cika kasuwa ta ɓarauniyar hanya. Daga 2002 zuwa 2007 manyan masaƙun Kakuri suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Tamu ma wata safiya muka tarar da takarda a liƙe a bakin ƙofa. Na san mazajen da suka mutu suna jiran haƙƙinsu. Na san gidajen da suka watse, 'ya'ya suka bar makaranta, masu gyaran injin da ake ji da su suka koma acaɓa da furfurarsu.

Gidanmu bai watse ba, kuma ba don dabarata ba ne. Albashin malamin firamare ka san ko nawa ne, ka kuma san yadda yake zuwa. Allurar ce ta riƙe mu. Ta mayar da ɗaki guda wurin aiki, ta karɓi ɗaukar adashi ta sayi keke na biyu, ta fara karɓar aikin kayan ɗakin amare gaba ɗaya, daga zanin gado har labule har jere. Ni ke zuwa Kantin Kwari a Kano in sayo shadda da zare, ni ke kai huluna wurin 'yan kasuwa in karɓo kuɗi, kuma ban taɓa jin wannan ya rage ni da komai ba. Kuɗin jarrabawarka ta gama sakandare daga wata riga mai aska takwas ya fito, wadda ta kwana a kanta da fitilar ƙwai har idonta ya yi ja. Abin da ba zan manta ba shi ne yadda take ba ni kuɗin. Ba ta taɓa miƙa mini a gabanku ba. Takan sa a aljihun rigata da dare, da safe in fito in ba da na cefane kamar yadda na saba, ku kuna ganin Baba ne ya bayar. Ta rufa mini asiri a gaban 'ya'yana shekara da shekaru, ta kuma roƙe ni kada in faɗa. Yau na faɗa, domin ba ta nan da za ta ji kunya, kai kuma kana bukatar ka sani.

A 2007 da aka sake fasalin takardar naira ashirin aka sa hoton Ladi Kwali a baya tana ginin tukunya, Ummanku ta yi murna kamar 'yar uwarta aka sa. Takan nuna wa yaran da take koya wa aiki, ta ba su labarin cewa matar nan Bagwariya ce daga Kwali, ba ta yi boko ba, amma da yumɓu da hannunta ta zagaya ƙasashen Turai da Amurka, har Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samaru ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ba don suna take faɗa musu ba. So take yarinya ta daina sunkuyar da kai in an tambaye ta me take yi.

Yaran nan su ne dalilin wannan wasiƙa. Da muka dawo Zariya gidan ya zama makaranta ba tare da an sa masa suna ba. Akwai zawarawa, akwai marayu, akwai 'yan matan da ta tsamo daga talla. Dabararta a nan ita ce, takan je wurin uwar yarinya ta tambayi nawa tallar ke kawowa a yini, ta ce za ta riƙa biyan wannan, a bar mata yarinyar. Kafin shekara ta zagayo yarinyar ta fara ɗinka abin da ya fi ribar tallar. Ba ta karɓar kuɗin koyo. Tana da faɗa a kan aiki, wannan kam kowa ya shaida. In ɗinki ya karkace sai an warware shi ko da an kai ƙarshe, kuka ba ya hana ta. Amma wadda ta sa ta kuka da rana ita za ta zuba wa tuwo da hannunta da dare. Yanzu haka da nake rubutun nan akwai waɗanda ba su gama koyo ba. Suna zuwa gaishe ni da safe, su ɗan tsaya a ƙofar ɗakin, su kasa tambayata abin da ke ransu.

Ka ga taron da aka yi ranar jana'iza da kwanakin zaman makoki, amma kana wajen maza, ba ka ga cikin gida ba. Ƙannenka za su ba ka labari. 'Yan ajinmu na firamare sun zo, waɗanda suka rage. Ƙawayenta na Kongo sun zo mota guda, har da Kiristoci daga Wusasa da kudancin Kaduna waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da ita suna 'yan mata. Ɗaya daga cikinsu ta zo da mayafin da Ummanku ta yi wa ado ta ba ta ranar aurenta, ya tsufa har ya fara yagewa, ta ce ba ta taɓa yarda a yanka shi ba. Wata ta ce duk lokacin da aka yi rasuwa ko haihuwa a cikin 'yan ajinsu, Ummanku ce ke bin su ɗaya-ɗaya a waya tana tara gudummawa. Ni da nake kwana gida ɗaya da ita, rabin abin da suka faɗa ranar na fara jin sa.

To ga abin da nake so, kuma shawara ce nake ba ka a matsayin babba a cikin 'yan uwanka.

Rijiya a haƙa. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wace sadaka ce ta fi, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Ka yi koyi da shi, amma daga aljihunka, gwargwadon ƙarfinka, ni ma zan sa nawa. Kayan ɗakin kuwa ba naka ba ne kai kaɗai, ba kuma nawa ba. Kafin a yi maganar gado sai an biya bashi. Akwai yadin mutane da ke ajiye ba a taɓa ba, akwai waɗanda suka ba da kafin alƙalami aikinsu bai kammala ba, akwai zubin adashin da take riƙewa na matan unguwa. Duk suna rubuce, na kuma fara bi. In an sauke wannan nauyin sai a raba yadda Suratun Nisa'i ta tsara: ni rubu'i tunda ta bar 'ya'ya, kakarku da ta haife ta sudusi, abin da ya saura naku ne, namiji rabon mata biyu. Za mu kira malami ya zauna a yi a gaban kowa, a yi wa kekunan da kayan aiki kuɗi.

Ni na riga na yanke cewa rabona zai zauna a ɗakin. Kakarku ma ta ce haka. Kai ne mai kaso mafi girma a cikin 'ya'ya, kuma ƙannenka kai suke kallo. Ba zan tilasta maka ba, haƙƙinka ne da Allah ya ba ka. Roƙonka nake ka bar kekunan inda suke, babbar almajirarta ta ci gaba da buɗe ɗakin, yaran su ƙarasa abin da suka fara. Ka san hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, cewa idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ilimin nan ta riga ta shuka shi da hannunta tun tana raye. In aka sayar da kekunan, mu ne muka tsayar mata da shi. Littattafan zanen kuma, kai da ka san kwamfuta, ka ɗauki hoton kowane shafi ka adana, domin takardun sun fara cin kansu, sa'an nan a bar na asalin a hannun masu aiki da su.

Ƙawayenta ma amana ce. Nana A'isha ta ba da labarin cewa bayan rasuwar Nana Khadija, Manzon Allah yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da naman. Na karɓi lambobin waɗanda suka zo, zan ba ka. In Babbar Sallah ta zo ka ware musu nasu a cikin layyarka, in ka shigo gari ka taka ka gaishe su. Zumunta a ƙafa take. A bakinsu za ka ji Ummanku tana yarinya, abin da ni ma ba zan iya ba ka duka ba.

Akwai kuma maganar da ban so in taɓo ba, amma in ban faɗa ba wa zai faɗa maka? Ranar da muke zaune da baffanninka na ji an tambaye ka ko iyalinka tana nan tana zane-zanen kayan sawan da take yi, ka ce ka ce ta bari, me za ta yi da shi tunda kana da albashi. Maganar ta soke ni, domin na taɓa jin irinta daga bakin mutanen Kakuri. Ba ina yi maka fatan abin da ya same ni ba ne, Allah ya tsare. Kuma kada ka fahimce ni cewa amfanin sana'ar mace shi ne ranar da miji ya faɗi. Ko da masaƙar ba ta rufe ba, da na hana Ummanku allura da na zauna da wata mace dabam, mai ƙunci, ba wadda kuka sani ba. Allah ne ya ba ta abin, ni aka ba ni amanar kada in danne shi. Yarinyar nan da ka auro, Ummanku ta taɓa ɗaukar littafin zanenta ta daɗe tana dubawa, bayan kun tafi ta ce mini yarinyar tana da ido. Ba ta cika faɗar haka a kan kowa ba. Ciyarwa da tufatarwa wajibinka ne ko tana samu ko ba ta samu, abin da ta samu kuma nata ne, ba ka da iko da ko kwabo sai da yardarta. Ka zauna da ita ku tsara yadda aikin zai tafi da gida, ka saya mata abin da take bukata, in ta nuna maka abin da ta yi ka ajiye waya ka duba da kyau.

Ƙanwarka ta gaya mini tun da aka yi rasuwar ba ka yarda a ambaci Umma a gabanka, kuma ran da ka zo ka kasa shiga ɗakin. Na gane cewa gaggawar fitar da kayan ma daga nan take. Babana, hawaye ba rashin tawakkali ba ne. Manzon Allah ya zubar da su a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ni ma ina yi, galibi bayan sallar asuba, lokacin da ta saba buɗe taga don ta sami hasken zura zare. Kunyar ɗan fari ta hana ta nuna maka abin da ke ranta, amma duk hular da ka sa tun daga ta suna har ta ɗaurin aurenka ita ta zana ta ɗinka, ba ta taɓa bari wata almajira ta sa mata hannu ba. Akwai guda da ta fara maka ba ta gama ba. Babbar almajirarta ta nemi izinin ƙarasawa, na ce ta jira sai ka gani ka faɗi yadda kake so.

Dangi sun fara yi mini maganar aure. Ban ba kowa amsa ba, kuma duk abin da zan yi, daga bakina za ku fara ji, ba daga bakin wani ba.

Ka nemi hutu ka zo kafin azumi, ka taho da iyalinka, domin ina so ta ga littattafan tare da kai. Ka sanar da ni ranar tun da wuri in gaya wa malamin da zai yi rabon, in kuma aika wa ƙanwarka ta Kaduna ta nemi izinin mijinta. Ka riƙa kiran Auta, ita ce abin ya fi dukanta, kuma ba ta faɗa. Allah ya jiƙan Ummanku, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Allah ya yi maka albarka, kai da zuriyarka.

Ka gaishe mini da surukata da kyau.

Wassalam,
Mahaifinka.